WAI MAI DIGIRIN LABURARE INA ZAI YI AIKI? GA ABIN DA TARIHI YA NUNA

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe, musamman iyaye da yaran da sunansu ya fito a jami'a bana.

Shekaranjiya da daddare yayata ta kira ni, muryarta duk ba daɗi. 'Yarta ta nemi karatun lauya, suna ya fito, amma a sashen ilimin laburare. Tun la'asar yarinya ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci. Da aka miƙa mata waya sai ta ce min: "Kawu, yanzu shekara huɗu zan yi ina koyon jera littafi a kanta? In na gama wa zai ɗauke ni? Laburaren garinmu ma rabon da in gan shi a buɗe tun ina firamare."

Ban yi mata dariya ba, don tambayarta tana kan hanya. Laburarorin gwamnati da yawa a jihohinmu sun zama kufai, kuma ba kullum ake ɗaukar ma'aikata a na jami'o'i ba, alhali duk shekara ana yaye ɗalibai. In dai aikin mai wannan digiri bai wuce zama a bayan tebur yana buga hatimi a littafi ba, to kukanta ya halatta.

Sai dai ni ɗalibin tarihi ne, kuma abin da na karanta game da wannan sana'a ya saɓa wa yadda muke kallonta. Ga abin da na gaya mata, na ga ya kamata in kawo shi nan ko wani zai amfana.

Mu fara daga Bagadaza.

A shekarar 987 Miladiyya, wani mutum da ake kira Ibn al-Nadim ya kammala littafinsa mai suna al-Fihrist. Mutumin nan warraƙi ne, wato mai kwafar littattafai da sayar da su. A lokacin takarda ta yi kusan shekara 200 da shigowa Bagadaza, ta yi araha, rubuce-rubuce sun yi yawan da ba mai iya sanin me ke akwai da me babu. Sai ya zauna ya tsara duk littafin da ya gani ko ya ji labarinsa cikin harshen Larabci, ya kasa su babi goma: Alƙur'ani da rubutu, nahawu, tarihi, waƙa, tauhidi, fiƙihu, falsafa da sauransu. Kowane marubuci da ɗan tarihinsa da jerin littattafansa. Littattafai da dama da ya lissafa sun ɓace, yau ba mu san an taɓa rubuta su ba sai ta bakinsa.

Ku lura da abu guda. Wannan bawan Allah ɗan kasuwa ne. Abin da ya iya shi ne ya ɗauki tarin ilimi a hargitse ya tsara shi yadda mai nema zai samu. Wannan ita ce sana'ar tun asali. Ginin laburare ɗaya ne kawai daga cikin wuraren da ake yin ta.

Makarantar koyar da aikin kuwa ta zo daga baya sosai. A 1876 wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fitar da tsarin nan na kasa ilimi gida goma da lambobi, wanda har gobe za ka gani a bayan littattafan laburarorin makarantu. A 1887 ya buɗe makarantar koyon aikin laburare ta farko a Kwalejin Columbia da ke New York. Daga nan aikin ya zama abin da ake shiga aji a koya.

Amma tun ba a je ko'ina ba wasu suka ga tsarin ya fi ƙarfin kanta. A 1895, a Baljiyam, wasu lauyoyi biyu, Paul Otlet da Henri La Fontaine, suka ɗauki tsarin Dewey suka faɗaɗa shi, suka shiga rubuta bayanin duk abin da aka buga a duniya a kan ƙananan katuna. Katunan nan sai da suka haura miliyan 12. Mutum yana zaune a wata ƙasa zai aiko da tambaya ta gidan waya, ya biya 'yan kuɗi, ma'aikata su bincika katuna su kwafo masa amsa su aika. Ku dubi wannan da kyau, ai injin bincike ne na takarda, shekaru ɗari kafin Google. Da na zo nan sai na ce wa 'yar tawa: "Kin ga, lauyoyi ne ma suka bar lauyanci suka dawo inda aka kai ki." Nan ne na fara jin ta yi 'yar dariya.

Yanzu ga wanda ya fi burge ni.

Eugene Garfield ya karanta ilimin sinadarai, sannan ya yi digiri na biyu a ilimin laburare a Jami'ar Columbia, ya gama a 1954. Bai nemi kujera a laburaren kowa ba. Wata tambaya ce ta dame shi: idan masani ya rubuta maƙala ya ambaci maƙalun da suka gabace shi, ta yaya za a san su wa suka zo daga baya suka ambace shi shi ma? Dabarar ma a wurin lauyoyi ya gano ta, don a Amurka suna da kundin da ke nuna kowane hukunci da shari'o'in da suka kafa hujja da shi daga baya. A 1955 ya wallafa tunaninsa a mujallar Science, ya kafa kamfaninsa, a 1964 ya fara fitar da kundin ambaton maƙalun kimiyya a kai a kai. Kundin nan shi ne yau ya zama Web of Science. Duk malamin jami'ar da ake ce wa sai ya buga maƙala a mujalla mai nauyi kafin a yi masa ƙarin girma, ma'aunin Garfield ne ke bibiyar sa, ko ya sani ko bai sani ba.

Labarin bai tsaya nan ba. Da Larry Page da Sergey Brin suka zo kafa Google a 1998, matsalarsu ita ce shafuka sun yi yawa, wanne za a ɗora a sama? Sai suka ɗauki irin wannan tunani na ƙirga ambato: shafin da shafuka masu daraja suka fi nunawa, shi ne mai daraja. Wato dabarar da ta ɗaga Google, a gidan masu lissafin maƙalu aka fara renonta.

Haka nan a Indiya. S. R. Ranganathan malamin lissafi ne, a 1924 aka naɗa shi shugaban laburaren Jami'ar Madras, da farko ma aikin gundurar sa ya yi har ya so komawa aji. A 1933 ya fitar da wani tsari da ke cewa kada a cusa abu a gida ɗaya tilo, a siffanta shi ta fuskoki da yawa: menene shi, da me aka yi shi, a ina, yaushe. Yau in ka shiga Jumia ko Amazon kana neman waya, ka zaɓi kamfani, ka zaɓi farashi, ka zaɓi launi, jerin yana ta raguwa har ka isa ga wadda kake so, to a kan wannan tunani kake tafiya.

Da intanet ta bunƙasa a shekarun 1990, kamfanoni suka buɗe shafuka masu dubban sassa da mai ziyara ke ɓacewa a ciki. Wasu samari biyu da suka karanta ilimin laburare a Jami'ar Michigan, Louis Rosenfeld da Peter Morville, suka jagoranci kamfanin tsara wa mutane shafukansu. A 1998 suka fitar da littafi a kan tsara ginin bayanai a intanet, wanda ya zama abin karantawa ga masu wannan sana'a a duniya. Makarantarsu ma a 1996 ta cire kalmar laburare daga sunanta, ta koma Makarantar Bayanai.

Kafin in wuce, akwai wani misali da ba na alfahari ba, amma dole a faɗe shi. J. Edgar Hoover, wanda ya shugabanci hukumar binciken Amurka daga 1924 har ya mutu a 1972, aikinsa na farko a laburaren Majalisar Dokokin Amurka ne, daga 1913. A can ya koyi tsarin kati. Da ya koma ma'aikatar shari'a, da wannan tsari ya haɗa katunan sunayen dubban mutanen da gwamnati ke zargi, aka yi ta kame da korar baƙi. Ilimin nan wuƙa ne, ana yanka ragon suna da ita, ana kuma iya yanka mutum. Shi ya sa a ajin laburare ake koyar da amana da sirrin mai karatu.

To mu a nan, me ya sa muka ɗauka aikin bai wuce gini da kanta ba?

Amsar tana cikin yadda karatun ya zo mana. John Harris, shugaban laburaren Kwalejin Jami'a ta Ibadan tun 1948, shi ya jagoranci buɗe makarantar koyon aikin laburare a can, ta fara ɗaukar ɗalibai a 1960 da tallafin gidauniyar Carnegie. A 1962 aka kafa ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Najeriya, a 1964 aka buɗe Laburaren Ƙasa. A Arewa, bayan rahoton da F. A. Sharr ya rubuta a 1963 kan buƙatun laburare na yankin, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe nata sashen a 1968. Ibadan ta fi karkata ga ɗaukar masu digiri, Zariya kuwa ta fara da difloma da digirin farko, saboda Arewa na cikin tsananin ƙarancin ma'aikata.

Ku duba lokacin. Turawa na tafiya, ana buɗe jami'o'i da kwalejoji, ana ƙirƙiro jihohi, kowace na son laburarenta. Kujeru sun fi mutane yawa. Don haka aka tsara karatun domin cike waɗannan kujeru, kuma a zamaninsa ya biya buƙata. Matsalar ita ce kujerun sun daina ƙaruwa, sassan koyarwa kuwa sun yaɗu a Kano da Maiduguri da sauran wurare, mu kuma iyaye hoton 1970 ne har yanzu a kanmu. Sassan da yawa sun ƙara kalmar "bayanai" a sunansu, amma a gida in an tambayi yaro me yake karantawa, laburare kawai ake ji.

Yanzu bari in lissafa ƙofofin da na gani da idona, ba na mafarki ba.

Ta farko, adana takardun hukuma da na kamfani. Duk wanda ya taɓa bin fayil ɗin fansho na mahaifinsa, ko takardar fili, ya san abin da nake faɗi. Ni kaina na yi wata huɗu ina zarya wani ofis a kan fayil guda, kullum a ce min a dawo gobe, daga ƙarshe aka tsinto shi a cikin buhu a sito. Ba mugunta ba ce kaɗai, rashin tsari ne. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomi su tsara takardunsu, su kuma amsa wa mai tambaya cikin kwana bakwai. Wanda bai san inda fayil yake ba, ta ina zai amsa a kwana bakwai? Bankuna, kamfanonin mai, kotuna, manyan ofisoshin lauyoyi, duk suna buƙatar mai sanin wace takarda za a ajiye, shekara nawa, wa ke da izinin gani, yaushe za a lalata ta.

Ta biyu, kare bayanan jama'a. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan sirri ta Najeriya, aka kafa hukumarta. Dokar ta ce manyan wuraren da ke riƙe da bayanan mutane su naɗa jami'in kula da wannan. Ba a ware wa masu digirin laburare kujerar ba, lauyoyi da 'yan kwamfuta ma suna nema. Amma aikin yana farawa ne da sanin wane bayani muke da shi, a ina yake, wa ya taɓa shi, kuma wannan karatun aji biyu ne a sashen laburare.

Ta uku, tarihinmu da ke ruɓewa. Akwai ma'adanar takardun ƙasa a Kaduna, akwai Gidan Arewa da aka kafa a 1970 a gidan marigayi Sardauna, akwai hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ga dubban rubutattun littattafan Larabci da ajami a gidajen malamai, gara da ruwan damina na cin su. Tun shekarun 1950 wani ma'aikacin laburaren Ibadan, W. E. N. Kensdale, ya zagayo Arewa neman irin waɗannan littattafai ya yi musu fihirisa, kuma masu binciken tarihin Daular Usmaniyya sun daɗe suna cin gajiyar aikinsa. Tun 2004 Laburaren Birtaniya ke da shirin tallafa wa ceto takardun da ke cikin haɗari, kuma an yi ayyuka da kuɗinsa a Arewacin Najeriya. Ɗaukar hoton takarda kowa zai iya. Siffanta ta, wa ya rubuta, yaushe, a kan me, da wane irin rubutu, shi ne aikin gwani. Yaron da ya yi allo ko Islamiyya, yana karanta Larabci da ajami, sannan ya haɗa da wannan digiri, wallahi ba shi da abokan takara da yawa.

Kada mu manta da kaset-kaset na gidajen rediyo, da finafinan Kannywood na farko-farko, da littattafan adabin kasuwar Kano, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939. Wa ke da cikakken lissafinsu?

Ta huɗu, ƙungiyoyin agaji da na raya ƙasa. Duk wanda ya zauna a Maiduguri cikin shekarun nan ya san akwai muƙamin jami'in sarrafa bayanai da na jami'in adana ilimin ƙungiya. Aikinsu tattara rahotanni da alƙaluma, tsabtace su, tsara su, a miƙa wa masu yanke shawara.

Ta biyar, harkar bincike da ɗab'i: kula da mujallun jami'o'i, rumbun ajiye kundayen digiri a intanet, sashen bincike na gidajen jarida, da masu tantance gaskiyar labari. Koyon bambance tushe mai inganci da na bogi, a wannan zamani da kowa ke tura abin da bai karanta ba a WhatsApp, sana'a ce da ake biya.

Ta shida, kamfanonin fasaha. Shagon intanet na buƙatar mai kasa kaya gida-gida. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ba sa koyon Hausa sai an tara musu rubutu da murya, an tace, an yi wa kowanne alama. Wannan katalogi ne da sabuwar riga.

To amma fa in faɗi gaskiya, don kada gobe wani ya ce na yaudare shi.

Takardar digiri ita kaɗai ba za ta buɗe ko ɗaya daga cikin ƙofofin nan ba. Ba za ka ga talla an rubuta ana neman mai digirin laburare a mafi yawansu ba. Garfield ya haɗa da ilimin sinadarai. Ranganathan ya zo da lissafi. Samarin Michigan sun koyi intanet tun mutane ba su san ta ba. Ibn al-Nadim ya san kasuwa. Kowannensu ilimin tsarawa ya ɗauka ya aura masa wani fanni. Wasu ayyukan ma, kamar adana bayanan marasa lafiya a asibiti, suna da hukumarsu da lasisinsu daban, sai an ƙaro karatu. Shi kansa aikin laburare, tun dokar 1995 akwai majalisar da ke yi wa masu yin sa rajista.

Don haka abin da na ce wa 'yar tawa shi ne: ki je ki yi rajista. Darasin katalogi da fihirisa da kowa ke gudu, ki riƙe shi da kyau, shi ne jarin. Kafin ki gama aji biyu ki tabbata kin iya Excel sosai, ba iya buɗewa da rufewa ba. Daga nan ki koyi yadda ake yi wa rumbun bayanai tambaya da SQL. Ki saba da Koha da DSpace, kyauta ne. Lokacin sanin makamar aiki, kada ki tsaya inda za ki sa hannu ki koma gida, ki nemi kotu ko banki ko gidan jarida ko ma'adanar tarihi. Tunda zuciyarki na wurin shari'a, ki yi aikin kammala digirinki a kan takardun kotu. Sannan ki yi wani abu da za ki iya nunawa: ki tsara littattafan kakanki, ko ki gyara maƙalu a Wikipedia ta Hausa da hujjojinsu. Ranar ganawar neman aiki, wanda ya ce "ga abin da na yi" ya sha gaban wanda ya ce "ga abin da aka koya min".

Malamanmu na wannan fanni, da girmamawa, ku ma akwai naku. Ɗalibin da zai gama digiri bai taɓa zama gaban kwamfuta ya gina ƙaramin rumbun bayanai da hannunsa ba, an rage masa hanya. Mu kuma iyaye mu daina karya wa yara gwiwa da "laburare kuma?" tun kafin su taka aji.

Kuma duk wannan ba yana nufin a bar laburaren gari ya mutu ba. Yaron da ba shi da wuta a gida, ba shi da kuɗin data, yana buƙatar wurin zama ya yi karatu. Wannan haƙƙi ne a kan gwamnoni, za mu ci gaba da tuna musu.

Jiya da safe yayata ta turo min saƙo cewa yarinya ta fito ta karya, har tana tambayar nawa ne kuɗin rajista. Ban ce ta daina son lauyanci ba, kuma ban ce hanyar za ta yi sauƙi ba. Amma yanzu ta san abin da za ta je nema.

Waɗanda suka karanta wannan fanni suna aiki a wajen laburare, don Allah ku faɗa mana inda kuke da abin da ya fi taimakonku, ƙannenku na karantawa.

Allah Ya yi wa yaranmu zaɓin alheri, Ya sa albarka a abin da suka samu. Amin.